Tasbahar da Ban Aiko Maka Ba

Zangon Kumasi,
10 ga Disamba, 1956.

Zuwa ga Yayana Brimah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Baba da Inna lafiya lau, sai kewarka.

Yaya, na yi wani abu wanda ban faɗa wa kowa ba, kai ne na farko. Mako uku ke nan Baba ya ba ni baƙar tasbaharsa, ya ce in kai gidan waya in aika maka. Ka san ma'anarta a gidanmu. Da ita Kaka ya kira Baba daga Salaga, ya bar kayansa a kasuwa ya taho. Wanda aka aika wa ita ba ya tambaya, dawowa yake yi. To, ban aika ba. Na ɓoye ta a ƙasan kwallata, cikin zannuwa.

Kada ka ga laifin Baba. Tun da rediyo ya ce ana yaƙi a Masar har Gaza inda kake, Inna ta daina kai koko kasuwar Race Course. Kawu Bawah kuma, da yake ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya bi Zango yana cewa wayo ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi maka. Wai Larabcinka da tafiretarka ba su dame su ba, soja suka sa ka, don babu mai zama inda ake harbi sai soja.

Ina ɗaura ɗankwali zan tafi gidan waya sai ga wasiƙarka! Na karanta ta sau bakwai a bayan ɗakin girki. Ashe an kawo mota a fitar da ku, kai da mutum biyar kuka ce ba za a rufe ofis ba! A zuciyata ina ta ganin Ba'indiyar nan da ka ce ta toshe taga da katifa, da tsohon Baturen da yake dafa muku shayi ana jin bindiga. Da na zo kan matar da ta sami 'yarta saboda sunan da ka buga a takarda, sai na kasa ɗaukar tasbahar.

Ranar Juma'a bayan masallaci dattawa suka cika zauren Baba, sai ya aiko wai in zo in karanta musu wasiƙarka. Ni, Yaya! Ni da nake shigewa bayan ƙofa in an yi baƙo! Amma na karanta har ƙarshe, ban tsallake komai ba. Kawu Bawah ya katse ni, yana so ya ji wace irin bindiga aka ba ka. Na duba takarda na ce ka rubuta cewa makamin ofishinku ɗaya ne, rezar fiƙe fensir. Zaure ya fashe da dariya, har Liman ya share ido da hannun riga.

Kawu bai yi dariya ba. Sai ya ce da a Bama akwai mai zama ya rubuta sunaye, da yau sun san inda ƙanensa Yusif yake kwance. Ya tashi ya fita, ya manta hularsa.

Baba dai ya sallami baƙi ya shiga gida. Shi a saninsa tasbaha tana cikin jirgi, kuma ka kusa kamo hanya. Kullum ina ganinsa yana tasbihi da yatsu, sai kunya ta kama ni.

Yau da safe yana wurin awon goro, na shiga ɗakinsa na rataye ta a ƙusar da ke saman buzunsa. Ya yi Azahar da ita a hannu, na leƙa na gani. Har yanzu bai kira ni ba. In ya kira, ba zan yi ƙarya ba. In kuma ya sake miƙo mini ita, zan durƙusa in roƙe shi da bakina ya bar ka ka gama rubuta sunayen mutane. Na riga na shirya abin da zan ce, ina ta maimaitawa ina tankaɗen gari.

Ka gaida Ba'indiyar da mai shayi. Allah ya tsare ku, ya kashe wutar nan.

Ni ce ƙanwarka,
Azaratu.