Inna, Na Sha Furar Goggo Hansai

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Inna, yawancinmu muna zaton da zarar magani ya shigo gari, to ya isa ga marar lafiya ke nan. Ni ma haka na koya wa ɗalibaina. Ashe da saura.

Maganin kuturta ya zo. 'Yar farar ƙwaya ce, an ce mutanen wasu ƙasashe ne suka haɗa kuɗinta, alhali ba su san mu ba. Duk ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki malamin asibiti yakan zo a kan keke, ya zauna a gindin tsamiya yana rabawa kyauta. Da na gan ta sai na tuna bukkar da aka keɓe ki a bayan garin Badafi, da yadda nake ajiye miki tuwo a bakin zana. Da kin ƙara 'yan shekaru, da kin riske ta.

Kin tuna ƙawarki Goggo Hansai, Bafulatana mai fura da nono, wadda ita kaɗai ke shiga ta yi miki kitso? Ita ma tabon kuturta ya fito mata a dantse. Ta ƙi zuwa karɓar magani, don tsamiyar tana fuskantar rumfuna. In aka gan ta a layi, ba mai sake taɓa ƙwaryarta, ga jikoki marayu. In ta ƙi zuwa, yatsu su tafi. Ta ce mini, "Ɗan nan, masu aiko da maganin sun haɗo da masu sayen nono?"

Magani haƙƙinta ne, neman abinci ma haka. Don me za a ce ta zaɓi ɗaya?

Kasuwar da ta wuce na lallashe ta, na raka ta. Ta haɗiyi ƙwayarta, ta dawo ta sauke kaya, mutane suka dare. Malamin asibiti ya riga ya gaya mini ba a fura ake ɗaukar cutar ba, sai na tsuguna na ce ta dama mini. Na sha da ludayinta. Wani mahauci ya ce, "Wayyo, boko ya taɓa kan Malam!" Har la'asar mutum biyu kaɗai suka saya. Amma ta ce za ta dawo.

Gobe zan karanta wa ɗalibaina takardar nan, su kai wa iyayensu labari. Wanda zai iya, ya zo ran kasuwa ya tsuguna kusa da ni, ya gwada ko ludayi ɗaya ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Innata. Ya bar wa Goggo yatsunta da masu sayen furarta.

Ɗanki,
Sani, daga Kiru