A Takarda Kai Ne Ka Rasu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Auta, ya kai haske kabarinsa. Inna da sauƙi, sai dai ƙafar nan da ke kumbura, abinci kuma sai an yi da gaske take ci.

Yaya, akwai maganar da ta yi mini nauyi a waya. Ka tuna shekarar da za ka tafi, masaƙa tana ɗaukar ma'aikata, Auta kuwa ba shi da takardar gama makaranta? Kai ka ciro taka daga akwati ka miƙa masa, ka ce ai kamarku ɗaya, kafin a gane ya samu gindin zama. Har ni na yi dariya ranar, na ce rago ya ci gadon mai rai. To, shekara goma sha tara ba wanda ya gane. Da sunanka aka yi masa katin aiki da na asibiti, da shi aka yi wa 'ya'yansa uku takardar haihuwa. Da ya cika, malamin asibiti abin da ya gani a kati shi ya kwafe a takardar mutuwa. A takarda, Yaya, kai ne ka rasu.

Kwana uku da rasuwar abokan aikinsa suka zo, sun kai ashirin. Shugabansu ya ɗaga hannu yana roƙa maka gafara, yana kiran sunanka, Inna tana zaune tana cewa amin. Ba ta gyara musu ba. Sai da suka fita ta ce da ni ba su ambaci wanda ta binne ba, mai rai suka yi wa addu'ar matattu. Wallahi kukan da na yi ranar ya fi na ranar jana'iza.

Na je ofishin rajista. Ma'aikacin ya ce duk ranar da ka zo sabunta fasfo, na'ura gawa za ta nuna. Ana iya gyarawa, in ka zo da kanka ka yi rantsuwa. Amma da zarar an maido maka da sunanka, takardun yaran sun zama na ƙarya, ga babbar kuma za ta cike takardar jarrabawa wata mai zuwa. Jiya ta tambaye ni sunan wa za ta rubuta a gurbin uba, na hau gyaran labule kamar ban ji ba.

Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, shi kuma ya tafi ya bar mu da kunyar jin haushinsa. Sunanka ne, ba wanda zai yanke maka hukunci. Amma ka yanke kafin wata ya ƙare.

Ka gai da Anti da yara. Kawu da matar Auta suna gaishe ka. Inna ta ce kada ka amsa ta waya, ka rubuto da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa, tana so a karanta mata shi a takardar da ba ta mutuwa ba.

Taka,
Ƙanwarka.