Baba Danladi Ya Gyara Mini Addu'a

Asabar da dare, Longsight

Yanzu na dawo daga Birmingham a gajiye, amma sai dariya nake ni kaɗai a ɗakina na Longsight.

Fasto ne ya ce in raka shi asibiti wurin Baba Danladi, dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye. Tun da ya kwanta Turanci ya ɓace masa, Hausar ma da ƙyar, Fasto kuwa ko "sannu" bai iya ba. Ni kuwa rabona da yin addu'a da Hausa a gaban mutane tun ina Zariya.

Na riƙe hannunsa na fara. Ina cikin roƙon Yesu, kalma ta kufce mini, na ce, "Ka ba shi healing." Sai Baba ya buɗe ido ya ce, "Warkarwa ake cewa, yarinya."

'Yarsa ta fashe da kuka, wai sati uku ke nan bai haɗa magana haka ba. Fasto bai gane komai ba, amma ya dinga haleluya har nas ta leƙo.

Baba ya ce in koma Asabar mai zuwa, akwai sauran gyara a Hausata.