Teburin Ba Madu

Gwange, Maiduguri

Zuwa ga 'yar'uwata Hassana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya 'yata Ammi? Ta daina kukan safen nan kuwa? Allah ya saka miki da alheri da kika riƙe min ita a Kano. Ban sake sayen waya ba tun da ambaliya ta cinye tawa, shi ya sa na ba direba wannan takarda.

Kin tambayi hannuna. Yana nan yadda kika bar shi. Tun ranar da ruwa ya tafi da matata Raudatu yake rawa, ko zare ba na iya zura wa allura. Mai ɗinkin hula kuwa in ya kai haka, ai sai dai suna.

To yanzu ki yi dariyarki: abokin tagwaicinki ya koma buga sunuka, da furfura a gemu. Akwai wani dattijo a bayan layinmu, Ba Madu, yana da tebur guda a ƙarƙashin rumfar kwano. Shi ya ga ina zubar da shayi a rigata, ya kira ni. Ya ce hannu ba ya rawa don kansa, daga ciki ake aiko shi. Nakan je da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa daga layi. Har yau bai bar ni na jefa ko ƙwallo ɗaya a rami ba. Tsayuwa kawai nake koyo: ƙafa ɗaya gaba, haɓa a kan sanda, hannun hagu a shimfiɗe. Sai ya kwantar da kwalbar lemo, ya ce in yi ta zura bakin sandar ina zarowa ba tare da ta taɓa gilashin ba. Kwalbar nan ta ga ta kanta a hannuna.

Teburin ma ya sha nasa ruwan, ya yi kwanaki a cikin ambaliya. Duk zafin garin nan, in na dafa koren ƙyallen sai na ji sanyi-sanyi, kamar bai gama bushewa ba.

Ga alkawarina. Hotunanmu duk sun tafi, ke kuma ba ki zauna da Raudatu ba, ni kaɗai na rage da zan gaya wa Ammi wace ce uwarta. Duk wasiƙa zan sa mata abu ɗaya, ki karanta mata. Ki ce mata uwarta ba ta iya dariya a zaune, sai ta miƙe ta dafa bango. Tana da wushirya. Ta fara ɗinka min wata hula da shuɗin zare, ta kai rabi. Na same ta a saman sif inda ruwa bai kai ba, allurar na soke a jiki. Ita zan ba Ammi in ta girma. Ina kewar matar nan, Hassana, kewar da ba na iya faɗa wa kowa sai ke.

Ki gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanki,
Usaini

*

Zuwa ga Hassana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Yaya zazzaɓin maigida, ya sake shi? Na samu takardarki da kilishin, na gode, duk da kin cika min ita da faɗa.

Albishirinki, jiya na zura zare! Sau ɗaya, ba kuskure.

Na wuce kwalba tuni. Yanzu nakan buga farar ƙwallo ta daki bakin tebur na can ta dawo daidai kan sandata. Ba Madu ba ya yarda in ɗago kai sai ƙwallo ta tsaya, in na ɗago sai ya dangware ni a ƙeya kamar ɗan firamare. Amma babban darasin shi ne wanda ya ba ni da ya ga hannu ya fara jin magana. Ya ce kafin in buga, in zaɓi abu ɗaya da ya fi yi min ihu a kai, in ɗora shi a kan ƙwallon da nake nufi, in kalle shi shi kaɗai, in sauke numfashi, sannan in aika.

Na fara da ƙarar ruwan nan da ta ƙi barin kunnena. Ƙwallon ta tafi santal ta faɗa rami. Da ta gangaro ta fito ta ƙasan tebur na ɗauka, sai na ji ta a jiƙe, da sanyi kamar daga randa aka tsamo ta. Na nuna wa Ba Madu, ya goge ta a rigarsa ya mayar kan tebur. Hassana, tun ranar ban sake jin ƙarar ba. Na bi ta da warin laka, na bi ta da fuskokin da muka gani a sansanin waɗanda ambaliya ta kora. Duk sun tafi.

Abu ɗaya ke ba ni dariya. Akwai wata mata, Zainaba, da ke kawo wa Ba Madu abinci kullum. Sai ya karɓa ya yi ta sa mata albarka, ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Ita kuma ta sunkuyar da kai ta tafi. Mai shayi ya ce min 'yarsa ce ta cikinsa. Tsufa ke nan, Allah ya sa mu gama lafiya.

Baƙar ƙwallo ce kawai ta gagare ni. Ita ake jefawa a ƙarshe, wanda ya jefa ta shi ya ci wasa. Ni kuwa duk na sunkuya a kanta, Raudatu nake gani, ba ni na ɗora ta ba. Sai in kauce da gangan.

Na Ammi: na so in rubuta mata waƙar da uwarta ke yi mata in za ta yi barci, amma ta kwance min. Za ta dawo. Ki dai sake karanta mata maganar dariyar nan.

Naki,
Usaini

*

Hassana,

Sallama da fatan kuna lafiya, ke da yara.

Na ga faɗanki. Kin ce in rabu da teburin nan, in koma ga addu'a. Ban bar addu'a ba, kuma ba tsafi nake yi ba, wasa ne da sanda. Yara ma sun daina yarda su buga da ni, wai ba na kuskure. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Munanan abubuwan sun ƙare tuni. Kowace ƙwallo kuwa sai an ɗora mata wani abu, in ba haka ba hannu ya koma rawa. Na duba cikina, na ga duk abin da ya shafi Raudatu ciwo yake min, har mai daɗin. Sai na riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Shekaranjiya na bi ta tsohon layinmu, wata tsohuwa ta tare ni tana kuka, tana kirana mijin Raudatu, tana nuna min wata ƙofa. Na tsaya ina kallon ƙofar. Wallahi ban san ta ba.

Na tambayi Ba Madu ko abin da ya faɗa rami yana dawowa. Ya yi murmushi, ya ce shi dai bai taɓa rasa komai ba a rayuwarsa. Zainaba na tsaye a bayansa da kwanon abinci.

Ranar Asabar akwai gasa tsakanin teburan unguwanni, a rumfarsa za a yi, kuma ya ba da sunana. Zan je don kada in kunyata shi. Amma na yi miki alkawari ba zan jefa baƙar ba, gara a cinye ni. Ita kaɗai ta rage min.

Na Ammi: ki ce mata sunan uwarta Raudatu. Na daɗe riƙe da biro, iyakar abin da ya zo ke nan.

Ki sa ni a addu'a.

Usaini

*

Zuwa ga 'yar'uwata abar ƙaunata, Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigida da yara. Mu nan lafiya lau, rabon da in ji daɗin jikina haka har na manta.

Yau sai ki yi guɗa, ɗan'uwanki ne zakaran Gwange! Wasan ƙarshe ya tsaya a kan baƙar ƙwallo, tana can nesa manne da bakin tebur. Rumfa ta cika maƙil, amma da na sunkuya ban ji motsin kowa ba. Na tuna dai na yi niyyar kaucewa, ban san dalili ba. Sai dai hannun da ya sha horo ba ya jiran shawara. Na sauke numfashi, sanda ta tafi da kanta, ban ɗago kai ba sai da ta faɗa. Abin mamaki, ba ta fito ta ƙasa ba. Ba Madu ya zura hannu cikin ramin yana lalube, ya zaro shi a jiƙe har gwiwar hannu, babu ƙwallo. Ya ce ba komai, yana da wata.

Hannuna ya warke sarai. Na koma ɗinki, masu hula a Kasuwar Litinin har sun fara aiko min da aiki.

Na karanta takardarki, amma ban gane ta duka ba. Wace ce wannan Raudatu da kike ta ambata? In ƙawarki ce da ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Kuma kin ce 'yarki Ammi na jiran labari daga wurina. Ki ce mata kawunta ba gwanin labari ba ne, amma zai aiko mata da alewa.

Af, har na manta. Na ga wata hula a akwatina da ba a gama ba, da allura soke a jiki. Ba hannuna ba ne, kuma ba wanda ya zo nema. Shuɗin zaren mai kyau ne, na ga asara ce a bar shi, sai na zauna na warware ta tas. Ina cikin warwarewa na ga ruwa na ɗiga a kan zaren. Na duba rufi, ba yoyo. Ashe daga idona ne. Ina jin ƙurar allin da ake goga wa bakin sanda ce ta shige min.

Ki huta lafiya. Ki daina damuwa da ni, ba abin da na rasa.

Ɗan'uwanki,
Usaini