Kaskon Turaren Hajiya Ya Fanna

Azare, ranar Talata.

Yaya Nana Aisha,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Maigida da yara da mutanen Misau baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Don Allah kada ki karanta mata wannan takarda. Lauya ya hana ni yin maganar a waya, shi ya sa na rubuto.

E, lauya na ce, Yaya. Ni da ko ƙofar caji ofis ban taɓa leƙawa ba, yau sammacin kotu ne a hannuna.

Kin san Hajiya Ya Fanna, tsohuwar nan 'yar Barno da kamfanin kula da tsofaffi ya tura ni jinyarta a gida. Ciwon suga ya kashe mata ƙafafu, ko mintsininta kika yi ba ta ji. Ita kuwa gara a hana ta abinci da a hana ta turaren wuta. Kullum bayan wanka sai ta zauna a kujera, in tura mata kasko ƙarƙashin zane, haka ta saba tun tana amarya. Ran nan na tura mata, na fita shanya zanen gadonta. Ashe ta miƙe ƙafa, dunduniyarta ta sauka kan garwashi. Ina dawowa na ji ƙauri ya cika ɗakin, ita kuwa tana ta jan carbinta, ba ta ma sani ba. Wayyo Yaya, har yanzu ƙaurin nan yana hancina.

Ɗanta Alhaji Bunu ya taso daga Abuja kamar zai cinye ni ɗanya. Ya kai ƙara, wai na yi sakaci. Kamfani kuwa ya zame jikinsa, ya ce turare ba ya cikin aikin da ya ɗora mini. Tsoro nake ji ƙwarai.

Ƙanwarki,
Ummu Salma.

Azare, ranar Lahadi.

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ga saƙon dakakken yajin, Allah ya bar zumunci. Na kuma ga faɗan da kika haɗo da shi, ban ce ba ki da gaskiya ba.

Ƙunar ta ƙi warkewa. Ya Gana, ƙanwar Hajiya, ta faɗa mini cewa a asibiti ana maganar yanke ƙafar. Lauya ya ce mafitata ɗaya ce: Hajiya ta faɗa da bakinta cewa ita ke tilasta mini kawo kaskon. To wace Hajiya? Yau ta gane mutum, gobe ta kira shi da sunan wanda ya daɗe a ƙasa. An ma hana ni zuwa inda take.

Abinci ya fita raina. Da na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, sai in rungume 'yata Halimatu Sadiya. Yarinyar da ko yaye ta ban yi ba, in aka ɗaure ni wa zai riƙe ta?

Ki gaida Inna, ki sa ta yi mini addu'a ba tare da ta san dalili ba.

Taki,
Ummu Salma.

Azare, ranar Alhamis.

Yaya,

Assalamu alaikum, ina fata kun tashi lafiya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Hajiya rasuwa yau da safe, ba ta samu ta yi maganar ba.

Lauya ya zo gida ya ce yanzu batun zai iya komawa hannun 'yan sanda, tunda rai ya shiga ciki. Ya ce in kulle ƙofa, kada ƙafata ta taka unguwarsu.

Yana fita sai ga Ya Gana, idanu jajir. Ta ce a asibiti Hajiya ta sha nanata musu cewa in ta cika, kada wanda ya yi mata wanka sai ni, don ni kaɗai ta yarda ta ga jikinta. Gawa na kwance suna jirana. Na tambaye ta ko Alhaji Bunu ya amince, ta ce bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ta kuma ga motar 'yan sanda a ƙofar gidan Hajiya, ba ta sani ba ko ta'aziyya suka zo.

Zan je, Yaya. Na san za ki ce taurin kaina ne ya motsa. Amma matar nan ni na ƙona ta, Yaya, kuma ni ta kira. Na sa hijabina.

Na bar Halimatu Sadiya wurin maƙwabciyata Adanna. Zan ba direban motar Misau takardar nan ya kawo miki yau. In ba ki ji muryata ba zuwa magariba, ki zo ki ɗauke ta. Ba ta shan koko sai an huce mata shi sosai.

Ki yafe mini.

Ƙanwarki,
Ummu Salma.