Ganye Uku Suka Rage A Fulawar Baba

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma kada wanda ya yi dariya don ya ji na fara da zancen fulawa.

A Tunga nake aure, shekara bakwai ke nan, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, da ya rasu yayyena suka ɗauki rediyo da keke, ni kuwa fulawarsa na ɗauka, irin mai faɗin ganye da ƙyalli da ake ce wa roba. A falo na ajiye ta kusa da taga, duk Juma'a ina goge mata ganye da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda yake yi. Da ganye ashirin da biyu na zo da ita.

Bayan Babbar Sallah sai ta fara yin rawaya, bakin ganyen yana bushewa kamar an ƙona, in tashi da safe in tarar da ɗaya a ƙasa. Na rage ruwa, na ƙara ruwa, na janye ta daga taga, na sayo taki a Kasuwar Kure, duk a banza. Har kambun baka na zarga.

Da ganye ya koma biyar sai na sa ta a Keke Napep na kai wa Maman Joy, wata 'yar Kafanchan mai sayar da fulawa a bakin titi. Ta tona ƙasar da yatsa, ta shinshina, ta nuna min wani fari-fari da ya daskare a gefen tukunyar. Ta ce, "Madam, wannan kasa ya sha kanwa fa. Wane ne yana zuba mishi magani?"

Jama'a, nan take na tuna da maganinmu. Wata takwas ke nan da wata dattijuwa 'yar Bida ta haɗa mana maganin haihuwa, sassaƙe da jar kanwa, ta ce mu biyu za mu riƙa sha kullum da safe, in ɗaya ya tsallake an yi aikin banza. Ni nake dafawa. In sha nawa a kicin ina toshe hanci, wani lokaci har da amai, sannan in kai wa maigidan nasa falo yana sa takalmi. Kullum kofin wayam yake dawowa, har da "Allah ya sa a dace."

Washegari na miƙa masa na laɓe bayan labule. Ko waiwaye bai yi ba, ya tuttule shi a tukunyar Baba, ya goge baki da bayan hannu. Wallahi goge bakin nan ya fi komai ƙona min rai, a falon ma babu kowa.

Da na yi magana bai ko musa ba. Wai shi lafiyarsa ƙalau, a gidansu ba a taɓa namijin da ya sha maganin haihuwa ba, yana karɓa ne kawai don kada in dame shi da kuka. Na ce to mu je asibiti a duba mu duka, ya ce a kan ciyawa zan tayar masa da hankali, zai sayo min wata.

Abin da ya hana ni sukuni, kwanakin baya kafin in gano haka, a garinsu Wushishi mahaifiyarsa ta faɗa a gaban mutane cewa ɗanta ya yi iya yinsa, har magani mai ɗaci yake sha saboda ni, ni ce juya. Yana zaune a wurin yana ji, kansa a ƙasa. Ni kuma a ranar har tausayinsa na ji.

Maman Joy ta wanke saiwar ta sake mata ƙasa, ta ce sai dai a jira. Yanzu ganye uku suka rage. Masu sanin fulawa, tana tashi bayan irin wannan? Sauran kuma ku faɗa min, in kai maganar gaban Hajiyarsa in wanke kaina, ko in rufa masa asiri in ci gaba da amsa sunan juya? Sassaƙen nan yana nan a kicin, kuma ban san kofi nawa zan dafa gobe ba.