Hular Yaya Sani a Jarida

Daren Laraba, Wunti

Ya kai littafina mai alfarma, ma'ajin asirin gwaraza, gyara zama ka saurari shaidar bawan Allah da tarihi ya zalunta.

Jiya mu telolin layinmu muka fita zanga-zangar lumana, domin taransifomarmu ta ƙone tun kafin azumi, ga ɗinkin Sallar jama'a jibge a shaguna. Ni na rubuta kwalin da hannuna, na ari hular Yaya Sani mai ruwan goro, na tsaya a sahun gaba. Da mai hoton jarida ya saita kyamara, sai na ɗaga kwalin da iyakar ƙarfin kishina.

Yau jarida ta fito. Ga kwali, ga yatsuna, ga hula. Fuskata kuwa tana bayan kwali.

Kowa a unguwa ya san hular nan. Tun safe ake zuwa jinjina wa Yaya Sani, wanda yake sharar barci lokacin da muke shan rana, yana amsawa da "Ba komai, aikinmu ne." Baffa, da har yau yake ajiye da hotonsa na zanga-zangar ɗalibai, ya dube ni ya ce, "Salisu, mu a zamaninmu a ƙirji ake riƙe kwali."

Mai unguwa ya aiko kada a sake fita. To, ran Litinin ina kan titi, ko da ni kaɗai ne, har sai wuta ta dawo!

Roƙona ɗaya ne, ya Ubangiji: Yaya Sani ya sake ara mini hular, don tawa ta koɗe.